Ƙafar Gaban Motar Wasa da Inna a Tasha

Akurba, Lafia

Zuwa ga Yaya Abdulhakeem,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da Anti Fatimatuzzahra da yara, da fatan sanyin ƙasar Turkiyya bai takura muku ba. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a nema. Mu nan alhamdulillahi. Mutmainna ta shiga aji huɗu, an kuma fara cin sabuwar doya.

Yaya, kan motar tseren nan mai rimot da ka aiko wa Mutmainna na rubuto, kuma raina a ɓace yake. Yarinyar ba ta taɓa tuƙa ta ba. Abbanta ne ya ƙwace, mutum da furfura a gemu, shi da abokinsa Tavershima mai shagon taya suke tsere duk Asabar a filin bayan makaranta. Da Tavershima ya yi ta cinye shi, sai ya ce wai ƙafar gaban motar ce ta yi laushi, shi ya sa take kifewa a kwana. Ashe kai ya roƙa a ɓoye ka aiko da sababbin shokozoba da sifirin, ƙarafan da ke riƙe ƙafar motar.

Ranar da kayan suka iso ita ce ranar da Inna za ta zo daga Kwandere a duba idonta, kuma shi da bakinsa ya ce zai ɗauko ta a tasha. Na dawo daga aiki na tarar ya baje a falo, ya zuba notuna a farantin da nake ba baƙi abinci, ya wanke tsofaffin shokozoba da fetur a kofin kokona. Man da ake ɗura musu ya malale a kan dardumar salla. Na tambaye shi Inna, ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa jin sunan ba.

Yaya, uwarmu da ba ta gani sosai ta zauna a tasha tun hantsi har bayan azahar. Ta sa an kira wayarsa, ya katse kiran don yana kallon bidiyon yadda ake ɗaura sifirin. Doofan mai sayar da doya a tashar ce ta gane ta, ta ba ta ruwa, ta bar kayanta ta rako ta a keke napep. Layin asibiti ya wuce, sai wata mai zuwa.

Ka ɗauka kunya za ta hana shi fita? Asabar na yi ya saɓi motarsa. Mutmainna da ta bi shi filin ta ce ƙafar ta yi tauri har motar na tsalle, a kwanar farko ta afka kwatar da mahauta ke zuba ƙazanta. Ya sa hannu har gwiwar hannu ya lalubo ta, ya shigo min da ita tana ɗiga, yana neman bahon wankina. Warin nan har yau ina jin sa a maƙogwaro.

Inna ba ta yi masa faɗa ba, ka san halinta. Da za ta koma, ta sa Mutmainna ta miƙo mata rimot ɗin, ta ƙulle a bakin zaninta. Ta ce idan an kai ta an duba idon, za ta iya ganin inda ta ajiye shi. Jiya da sassafe ya je asibiti da kansa yana roƙon a matso da ranar.

Don Allah kada ka sake aiko ko da noti ɗaya. Ka gaishe min da Anti Fatimatuzzahra da su Luqman. Mutmainna na gaishe ka. Surukinka ma ya ce in gaishe ka, na ce ya rubuta tasa.

Ƙanwarka,
Sharifa