Baba, Ƙarfenmu Ya Yi wa Jirgin Nauyi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka, ina sanar da kai cewa shagon walda yana nan a unguwarmu Maamobi inda ka bar shi shekara shida da suka wuce, kuma Mma tana lafiya. Ni ne dai kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a benci sai in miƙe, in na ɗauki tef sai in manta abin da zan auna.

Maganar Mahmudu ce, autanka. Ka tafi ka bar shi yana dako a tashar jiragen ruwa ta Tema. Yanzu shi ne hannun daman wani dattijo ɗan ƙabilar Ga da kowa ke kira Kyaftin, wanda ya yi ritaya ya sayi jirgi irin mai tafiya da iska, mai dogon sanda da ƙyalle. Nan da kwana biyar za su tashi su biyu rak zuwa tsibirin Sawo Tome, tafiyar kwanaki ba a ganin ƙasa.

Irin wannan jirgin ba ya iya matsowa gaɓa, sai da ƙaramin kwale-kwale ake fita. Da can ɗaga shi suke yi da igiya su kife shi a saman jirgin su ɗaure, aikin mutum biyu ne mai karya ƙugu, ga bayan Kyaftin ya fara ba shi matsala. Shi ne ya ce a yi masa maratayi, wato hannuwa biyu na ƙarfe da za su leƙa ta bayan jirgin, a rataye kwale-kwalen a jiki. Mahmudu ya ce masa yayansa zai iya. Da ka ga yadda na fasa kai ranar, da ka yi mini dariya.

Kyaftin ya ba ni zane a takarda. Bututun da ya rubuta, wallahi Baba, ko tagar banɗaki ba za ka yarda a yi da shi ba. Na duba na sake dubawa, sai na ji muryarka a kunnena. Ka tuna ranar da na haɗa ƙofar gidan malamin nan na Kotobabi da ɗan siririn ƙarfe? Ka hau kanta da ƙafa biyu a gaban masu gida har ta lanƙwashe, ka ce, "Abin da mutum zai kwana a bayansa ba a yi masa rowar ƙarfe." Tun daga ranar ban sake yi ba.

Sai ga Mma ta biyo ta shago, ta dawo daga Kasuwar Malam Atta da kwando a kai. Ta tambayi abin da nake haɗawa, na gaya mata. Ta ajiye kwandon, ta ƙwanƙwasa bututun da zobenta, ta ce wannan tsinken ne zai bi ɗanta cikin teku? Ta ce in ƙara mishi ƙarfe, kuma ba ta tafi ba sai da ta ga na jawo mai kauri daga ƙarƙashin tebur. Ba zan ɗora mata laifi ba, abin da zuciyata ke so ta faɗa. Na ninka kaurin, na ƙara tokara biyu, na sa faranti mai faɗi a gindi. Mutum huɗu ne suka ɗora shi a keken kaya, 'yan layi suna tuna ka, suna cewa hannun Alhaji bai mutu ba.

Muka kai Tema muka ɗaure, muka rataye kwale-kwalen. Ina tsaye a gaɓa ina jiran yabo, sai na ga jan fentin da ke nuna iyakar ruwa a bayan jirgin ya nutse, hancin ya ɗaga sama kamar akuyar da aka ja da igiya. Mahmudu ya sunkuyar da kai. Kyaftin ya kama ƙarfen ya girgiza da iya ƙarfinsa, ko motsi bai yi ba. Na ce masa wannan ba zai taɓa karyewa ba.

Ya ce, "Na sani, ɗana. Abin da ke damuna ke nan."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. A tsakiyar teku raƙuman ruwa ta baya suke zuwa. In ɗaya ya faɗa cikin kwale-kwalen ya cika shi, nauyin ya fi na mota. Siririn ƙarfe zai karye, kwale-kwale ya tafi, mutane su tsira. Nawa kuwa zai riƙe gam, sai dai bayan jirgin ya yage ya bi shi. Baba, shekara ashirin ina walda, ba wanda ya taɓa ce mini akwai inda ake so aiki ya saki. Raina ya ɓaci, har na so in ce masa me tsoho mai ciwon baya ya sani game da ƙarfe. Allah ne dai Ya taimake ni.

Abin haushin, bai ce in cire ba. Bayansa mai ciwo na son maratayin, na ga yadda yake shafa ƙarfen. Ya ce wataƙila teku ta yi musu sauƙi, ya ce ni ne mai aikin, kuma ɗan'uwana ne a ciki, in yanke. Lokacin sake wani babu. Na tambayi Mahmudu a gefe, ya ce shi zai iya ɗaga kwale-kwalen kullum in ta kama, amma ba zai ce wa yayansa ya kwance aikinsa ba. Ka san halinsa, tun yana ƙarami gara ya sha wuya da ya yi musu da babba.

Na yi kwana biyu ina hawa trotro, motar haya, zuwa Tema ina dawowa ba tare da na taɓa komai ba. In je in kalli jan fentin nan, in ce ai ɗan kaɗan ne ya nutse. In dawo unguwa in ce kaɗan ɗin nan uban wa zai auna shi a tsakiyar ruwa? Ko koko na saya da safe sai ya huce a hannuna.

Jiya na ɗauki sufana na kwance shi. Notin ƙarshe ya ƙi fita, don na ɗaure shi yadda ka koya mini, sai da na yanke shi. Jirgin ya dawo daidai a kan idona. Muka kife kwale-kwalen a sama muka ɗaure da igiya. Ƙarfen kuma na dawo da shi unguwa da rana tsaka, kowa yana kallo.

Mma tana tsintar shinkafa na same ta. A wurinta na cire wa ɗanta kariya ne, kuma ta riga ta gaya wa matan layi cewa ƙarfen gidansu ne zai raka shi. Na yi mata bayani iya yina, ban ga alamar ya shiga ba. Ta ɗago ta ce, "Abu ɗaya zan tambaye ka. Da ubanku ne, zai cire?"

Na ce mata eh, zai cire. Ta ce to shi ke nan, ta ci gaba da tsintarta, hankalinta ya kwanta.

Nawa ne bai kwanta ba, Baba. Ban taɓa ganin ka kwance abin da ka ɗaura ba, ko sau ɗaya. Na ari bakinka na ba matarka amsar da ban san ko taka ba ce, kuma a kanta za ta sallami ɗanta. In ƙarya na yi maka, ka yafe mini. Mahmudu nake so ya dawo.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka. Allah Ya kwantar wa bayinSa biyu da teku, Ya kai su lafiya Ya dawo da su, Ya sa amsar da na ba Mma ta zama gaskiya.

Ɗanka da ke riƙe da shago,
Abdul-Razak