Lambar Yaya a hawan Buza

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na hau tudun Buza da keken Yaya Yaƙubu. Kwantar keken, na'urar da ke auna ƙarhin taka fedal, ta nuna wat 304 cikin minti ashirin. Lambar da Yaya ya bari a ciki kahin ya tahi Abijan 311 ce. Kai, ƙarya ne! Ni da kullum bayan rigarshi nike kallo a tudun nan?

Shi ya ce ran da na kamo shi in hwaɗa mishi, ya kai sunana wurin antirena, mai horar da ekip ɗinsu, ƙungiyar tseren keke ta can. Wata ukku bai amsa saƙona ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Takardar kwantar ta ce a rataya kilo goma a fedal, in ta nuna 16,9 lahiyarta lau. Ba mu da dutsen awo. Na ce ma ƙanwata Biba ta auno min tiya huɗu ta hatsi, ai kowa ya san kilo goma ke nan. Na rataya, ta nuna 19,4.

To, ƙara min take. Na ji kunya, na kuma ji sanyi. Ban san dalilin sanyin ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ban hau ba. Na goge sarƙa kawai.

Talata, 15 ga Oktoba

Ashe Biba ce! Awon gida ta yi min, tiya da tozo, har da ƙarin hannu biyu. "Yo ni ɗan'uwana zan yi ma awon kasuwa?" Na yi mata hwaɗa, daga baya na yi dariya har da hawaye.

Na ari dutsen kilo goma wurin Halidu mai sikelin albasa a Madawa. A inuwa: 16,9. Na bar keken a rana har ƙarhe ya yi zahi, na maida kwantar bisa lamba sihiri, na sake: 17,0. Sau biyar. Halidu ya ce ko zinariya nike aunawa.

Gaskiya take hwaɗi.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na tura ma Yaya hoton awon. Ya gani, alamar saƙon ta yi shuɗi.

Ba Abijan ɗin ce ke damuna ba, wallahi. So nike in ji yana huci a gabana, ya waiwayo ya ce, "Taka mana, malalaci!" Kewarshi nike, shi ke nan.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Wat 316. Na duba sau biyu a saman tudu.

Kwantar ta tambaya ko a maye tsohuwar lamba da sabuwa. Na daɗe tsaye, wasu raƙuma sunka wuce, gumi na ɗiga bisa gilashin. Na ce bari sai ya amsa tukuna.

Sai kuma na danna "i".

Ban tura ma kowa ba. Na tambayi Halidu ko yana da lambar wayar antirenan ekip ɗin Tawa. Tambaya kawai na yi.