Minti Biyar na Tsurumi-san

Litinin, 10 ga Fabrairu

Dusar ƙanƙara ta makarar da bas, na iso ofis safa a jiƙe. Ko kwat ban cire ba mutane suka yo kaina: mai gadi ya sake rikicewa.

Mai gadi dai. Wannan 'yar manhajar da babban ofis na Osaka ya liƙa mana a jikin manhajar imel. Ka danna "aika" ya tare ka a ƙofa: ka duba sunayen? ka duba abin da ka haɗa? Sannan ya riƙe saƙon minti biyar kafin ya sake shi, ko za ka canza shawara. Tun da aka sabunta kwamfutoci makon jiya, da an buɗe imel sai akwati ya faɗo: an samu matsala wajen tayar da shi, a kashe shi? Komai kuma ya daskare sai ka amsa.

Na san gyaran. Amma sai na cika takarda, Nagumo-kacho shugaban sashenmu ya buga hatimi, na sama da shi ya buga, Osaka su yarda. Kashe shi kuwa ba izini laifi ne babba. Ni kaɗai ce mai kula da kwamfutocin ofishin nan, amma kowa kallona yake kamar ni na haifi matsalar.

Na ci abincin rana da Tsurumi-san, abokiyar aikina a sashenmu. Ta tura mini rabin ƙwan da ta soya, ta ce, "Kuwa-chan, ki gyara mini mai gadina kafin Juma'a. In ba shi, ina zan sha maganina?"

Maganin Juma'arta. Duk Juma'a da yamma Kacho kan jibgo mata aiki ta imel, ita kuma ta rubuta masa amsa ta gaskiya, duk abin da ya cika mata ciki, ta danna "aika", ta zuba shayi tana kallon saƙon a hannun mai gadi, sai lokaci ya kusa cika ta janye shi ta goge. Ta ce ya fi wankan ruwan zafi sauke gajiya. Ni kaɗai ta faɗa wa. Na yi dariya har na ƙware.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ranar banza. Takardar tana kan teburin Kacho, ya ɗora mata kofi.

Kwamfutar Tsurumi-san ta fi ta kowa daskarewa, ga farashin kaya da kwastomomi ke jira kafin sha biyu. Kacho ya ɗaga murya daga kujerarsa: "Kuwahara-san, ana biyanki ne ki kalli allo?" Raina ya ɓaci. Tana can wurin injin kwafi, na zauna a kujerarta na kashe mai gadin. Na ɗan lokaci ne. Nan take komai ya tafi sumul.

Zan gaya mata, sai waya ta yi ƙara. Gobe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Firintar hawa na biyu ta cinye mini yini. Na sayo cakulan ɗin da matan sashe suka haɗa wa maza na gobe, ranar masoya, kamar yadda aka saba a nan.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Ban san ta ina zan fara ba.

Wajen huɗu da rabi na ji ofis ya yi tsit, irin shirun da ba na aiki ba. Ebata-san da ke gefena ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa. Na duba allona. Saƙo daga Tsurumi-san, amsa ga Kacho, da sashe gaba ɗaya a ciki har da na sama da Kacho.

Ban karanta duka ba, idona ya ƙi. Na ga inda ta ce rahoton da ya gabatar a Osaka aka tafa masa, ita ta rubuta shi tun daga kan take. Na ga inda ta ce shekara nawa tana nan amma in baƙi sun zo sai ya ce "waccan ta kwantiragin". Na ga inda ta roƙe shi ya daina yanke farce a kan tebur, don rannan ɗaya ya faɗo mata cikin shayi.

Kacho na cin cakulan ɗinmu yana karantawa. Ya daina taunawa.

Ita kuwa tana zaune, kofi a hannu, fuskarta ta yi fari fat. Ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni ma da ya fi.

Ya ce, "Tsurumi-san, ɗan zo." Suka shiga ɗakin taro, aka ja ƙofa.

Sai ga abin da na yi. Zan rubuta, tunda ba mai gani. Daga kwamfutata na shiga tata na mayar da mai gadin bakin aikinsa. Ban tsaya na yi tunani ba, yatsuna ne suka yi. A'a, ƙarya nake. Na yi tunani sarai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ta roƙe ni ranar Litinin. Da bakinta. Har rabin ƙwai ta ba ni.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Tsurumi-san ta zo da kwalin alewa na shagon bakin tasha, mai tsadar nan, ta tsaya gaban teburin Kacho ta sunkuya tana ba shi haƙuri har sai da na ji bayana yana ciwo. Ya ce, "Ajiye can." Yana kan kabad, ba a buɗe ba.

Da hantsi ya kira ni ɗakin taro.

"Kuwahara-san, tambaya ɗaya. Mai gadi yana aiki a kwamfutarta?"

Na ce, "Yana aiki, Kacho."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ke nan ya tambaye ta, ta ce e. Ya ba ta minti biyar, ta zauna tana kallo. Ba kuskure ba ne ke nan. Da gangan."

Na ce, "Ban san wannan ba, Kacho." Na sunkuya na fito.

Yana aiki mana. Ai bai ce mini ranar Juma'a ba. Haka na yi ta faɗa wa kaina a bas har gida, kamar mai lallashin yaro.

Kwantiraginta na shekara-shekara ne, ƙarshen Maris yake ƙarewa. In an sabunta wannan karon za ta iya neman zama ta dindindin. Tun bara take maganar. Ta haura hamsin, a nan Toyama wa zai ɗauke ta?

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ta ɗago mini akwatin abincinta daga nesa, alamar mu je. Na nuna mata allo, wai aiki. Na ci curin shinkafa a tsaye a ɗakin na'urori, cikin sanyi da ƙugin fanka. Daidai da ni.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Izinin Osaka ya iso, hatimi reras. Na yi gyaran gaskiya a duk kwamfutoci. Shayin da na zuba bai huce ba na gama. Akwatin nan bai ƙara faɗowa ba, kowa na ta "sannu da ƙoƙari, Kuwahara-san". Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Ebata-san ta raɗa mini, "Kin lura Kacho ya koma yanke farce a bayi? Matar nan ta yi mana aiki, ya kamata a yi mata gunki a bakin ƙofa." Ta tuntsire. Ni ma na yi dariya, ta fito mini kamar tari.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mama ta ɗanɗana miyar da na yi ta ture kwanon. "Shiori, sau biyu kika sa gishiri. Saurayi ne ko rashin lafiya?" Na ce mura ce.

In na faɗa: takardar neman gafara, ragin matsayi wataƙila, Osaka su san sunana ta mummunar hanya. Ba kora ba dai, ni ta dindindin ce. In ban faɗa ba: ita. Lissafin ba wuya. To me ya riƙe mini baki? Tsoro ne kawai, tsoron fuskar Kacho, mutum ɗaya mai ƙamshin man gashi.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ebata-san ta ce ranar Juma'a za a yanke maganar masu kwantiragi. Na tashi zan je teburin Kacho, ƙafata ta kai ni wurin injin sayar da kofi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na bi ta shagon taliyar bayan tasha da rana. Tsurumi-san na zaune ita kaɗai ta fuskanci bango. Na zauna kusa da ita, ban yi odar komai ba.

"Tsurumi-san, ni na kashe mai gadinki. Tun Larabar. Kuma ni na—"

"Na sani."

Ba ta ma ajiye tsinken cin abincin ba.

"Na danna, bai tare ni ba, saƙo ya tafi fit. Wa ke taɓa kwamfutata in ba ke ba? Litinin na zo na tarar ya dawo yana mini tambayoyi kamar ba abin da ya faru. Ni ba yarinya ba ce, Kuwa-chan."

Na ce yau ɗin nan zan je in faɗa, kafin Juma'a, za su gane kuskure ne, ba nufinta ba ne. Ina magana hanci na zuba. Ta miƙo mini takardar goge baki.

Abin da ta ce daga nan ba zan iya jera shi daidai ba. Ta ce ranar Litinin ɗin ta jira ni. Talata ma. Da na zo a lokacin da ta rungume ni ta ce je ki faɗa, ki cece ni. Ta ce ta ji haushina sosai, har ta yi mafarkin tana zuba mini shayi a madannan kwamfuta.

"Amma kin bar ni mako guda da rabi ina yawo a matsayin matar da ta faɗa wa Nagumo gaskiya da gangan. Mai shara ta sunkuya mini a lif. Ebata ta ajiye mini lemo a tebur. Ni da ba a san sunana ba. Yanzu kuma ki je ki ce musu kuskuren na'ura ne? Wane layi ne kuskure a ciki? Rahoton ko farcen?"

Na ce aikin fa.

Ta juya romon da ke kwanon. Ba wai ba ta tsoro ba ne.

"Ko kin faɗa, ya riga ya karanta. Sai dai su riƙe ni don tausayi, in ƙare rayuwata ina sunkuyo ina cewa ba nufina ba ne. Kin ƙwace mini minti biyar ɗina, kar ki ƙwace mini maganata kuma. Ki yi shiru. Ai kin iya."

Wannan na ƙarshen ya shige ni har ƙashi. Ta biya kuɗinta ta fita, ta bar ni da mai shago yana tambayata taliya mai zafi ko mai sanyi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ba za a sabunta ba. "Sauyin tsarin aiki," in ji takardar. Ta karɓa da hannu biyu.

Laraba, 12 ga Maris

Mun koma cin abinci tare, amma ba kamar da ba. Tana ba ni labarin wuraren da ta je neman aiki. Wani kamfanin kwali ya ce za su kira. Ba ta yafe mini ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ni na so ta zage ni ko ta bar ni in je in sha hukunci, in huta. Ta hana ni duka biyun, dole in ɗauki kayana a haka.

Alhamis, 27 ga Maris

Jawabin minti ɗaya na taron safiya ya zagayo kaina, ranar Litinin. Na haddace wani abu a kan canza kalmar sirri a sabuwar shekarar aiki.

Na tambayi Ebata-san ko za a yi wa Tsurumi-san walimar bankwana. Ta zaro ido. "Ta kwantiragi? A wannan yanayin? Ke dai." Ko fure ba wanda ya yi magana.

Litinin, 31 ga Maris

Rana ta fito, ƙanƙarar bakin titi ta zama ruwa.

Muka tsaya a jere kamar kullum, Kacho a gaba da hannu a baya. Aka ce Kuwahara-san. Na fito. Na ce barkanmu da safiya, na ce kalmar sirri, sai sauran ya gudu daga kaina. Na hango ta can ƙarshen layi, kusa da kabad, ta riga ta kwashe teburinta tas.

Sai na ji bakina yana cewa yau ce ranar ƙarshe ta Tsurumi Kayoko-san. Na faɗi sunan duka, da ƙarfi. Na ce shekarun nan ita ta riƙe sashen nan, kowa a ɗakin ya sani. Na ce tunda nake da ita ban taɓa kama ta da ƙarya ba, ko a baki ko a rubuce. Na juya gare ta na ce mun gode da wahala, na sunkuya.

Ina kallon takalmina. Sai na ji motsin riguna, Ebata-san ta sunkuya, na kusa da ita ma, layi ya bi. Ta gefen ido na ga Kacho tsaye shi kaɗai ƙiƙam, wuyansa ja. A ɗaki irin wannan mutum ɗaya ba ya iya tsayawa a miƙe. Kansa ya sauka. Kaɗan, amma ya sauka, kuma ta gani.

Da yamma na riƙe mata jaka zuwa lif. Sai da ƙofa ta fara rufewa ta ce: "Kin wuce minti ɗaya, Kuwa-chan."

Ba wani abu na yi ba, aikinta bai dawo ba. Jawabin ne ya ɓace mini kawai.

Kacho bai kalle ni ba duk yini. Gobe zai kira ni ɗakin taro, na sani. Na laluba ƙirjina a bas ina neman tsoron nan, ban same shi inda na saba ajiye shi ba. Wataƙila gajiya ce.