Rubutun da ke Hannun Namadi

Anka,
Mayu, 2002.

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Murtala da yara duka. Ya ƙarfin jiki, ya jaririya? Allah ya raya ta, ya sa ta ɗauko haƙurinki, ba bakina ba. Ya idon Inna? Mun ji daɗi da labarin cewa aikin ya yi kyau, har tana zura zare a allura da kanta. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan kowa lafiya, sai zafi. Hadari yakan taso da yamma ya yi mana alkawari, sa'annan ya wuce Gummi ya cika. Gwaggo Hafsa ta warke daga ciwon ƙafa, ta koma zagayen gidajen suna da biki. Wayar hannun da kuke yayi a Fatakwal ba ta iso mu ba tukuna, shi ya sa har yanzu sai biro da takarda. Wannan karon ma na gode da haka, don maganar da ke tafe da ni ta fi son a karanta ta a zaune.

Maganar ƙanenmu Namadi ce. Kin san tun da na samo masa tuƙi a kamfanin audugar da nake aiki, Inna ta fara barci da ido biyu rufe. Ya bar manyan motocin Kudu, ya koma ɗaukar manaja daga Anka zuwa rumbunanmu na Gummi da Bukkuyum, ya kwana gidansa kullum. To, a farkon shekara babban ofishinmu na Legas ya aiko da sababbin dokokin shiga. Ni ce mai kula da ma'aikata, don haka ni na fassara su na manna a bango. Maza riga mai dogon hannu ta kamfani, mata mayafi mai ruwan ƙasa, ban da lalle mai hawa sama da wuyan hannu, ban da huda sai ta kunne. Sannan kada a ga zane ko rubutu a fatar ma'aikaci muddin yana bakin aiki, wanda aka gani kuwa a bakin aikinsa. Ina jin wanda ya rubuta wannan yana tunanin samarin Legas masu zana kunama a damtse ne. Bai taɓa tsayawa a kasuwar Bukkuyum ya kalli fuskokin mutane ba.

An sha dariya a makon farko. Zulai mai buga mana tafireta ta cire 'yar azurfar da ke hancinta, ta ce iska na shiga ta ramin tana sa mata mura. Manajanmu, Alhaji Labbo, wanda tsagar gidansu ta taso daga gefen baki har kunne, shi ya tsaya gabanmu ya karanta dokar zane da murya mai nauyi. Wani ɗan dako ya tambaye shi ko fuska ma fata ce. Alhaji ya ce tsagar gado daban, ita ba a yi shawara da mai ita ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Amma ba mugun mutum ba ne, Yaya, mutum ne mai tsoron takarda. Shi ma ya ƙara tasa dokar, cewa tunda jiha ta koma kan shari'a, duk namijin da ke ofis zai yi azahar da la'asar cikin jam'i, a bayansa. Famfo ɗaya gare mu, a tsakiyar fili, kowa na ganin kowa.

Ke kika fi ni tuna rubutun da ke hannun Namadi, don ke kika riƙe masa hannun ranar da aka yi shi. Bayan motar shanu ta kife da Baba a hanyar Kudu, aka binne shi cikin waɗanda ba a san sunansu ba, Inna ta rantse ɗanta ba zai bi mota ba sai da sunansa a jikinsa. Ta ce in Allah ya ƙaddara, aƙalla a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ni na zana haruffan da biro, ina 'yar sakandare mai ji da kyan rubutu, Hudu wanzami ya bi su da allura da baƙin tukunya. Namadi Sambo, Anka, Jihar Sakkwato. An ƙirƙiro Zamfara tun tuni, hannunsa bai samu labari ba. Rubutun ya kwanta daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, wato daidai inda Allah ya ce a wanke. Da na manna dokar na ce masa kada ya damu, dogon hannu ya rufe magana. Ni ina alwalata a ofishin mata, ko kaɗan famfon bai faɗo mini a rai ba.

Namadi kuwa ya faɗo masa a rai. Doka ɗaya ta ce ya rufe hannu, ɗayar ta ce ya naɗe riga a gaban jama'a sau biyu a wuni. Alwala a bayin ofis kuwa, ya ce can ba wurin ambaton Allah ba ne. Sai ya yi dabarar da ba wanda zai yi sai ɗan Inna. Ya riƙa yin alwala a gida da safe, ya riƙe ta har bayan la'asar. Don kada ta karye, ya bar shan ruwa, ya bar shayi, ya bar fura, ƙosai da alale kuwa ko kallonsu ba ya yi. Sauran direbobi na gyangyaɗi a gindin dogon yaro, shi yana zaune ƙyam, don barci ma yana karya ta. A cikin wannan bazara fa, Yaya, da ƙarfen mota ke ƙona tafin hannu.

Abin da ya biyo baya, da ba ƙanena ba ne da na more dariya. Mutane suka ga ba ya ci ba ya sha, ga shi kullum cikin tsarki, sai suka yanke cewa azumin nafila yake yi yana ɓoyewa. Aka fara kiransa Malam Namadi. Masu gadi suka riƙa kawo masa 'ya'yansu ya tofa musu. Ranar da Alhaji Labbo ya yi mura, shi aka tura gaba ya ja salla, mutumin da kin san iyakar surorinsa. Alhaji ya riƙa buga misali da shi a taro, yana cewa a dubi direba, ya fi masu digiri tsoron Allah, yana faɗa yana kallon inda nake. Ni kaina na ɗauka shiriya ce ta zo masa da girma. Na ga ya rame, leɓɓansa sun tsage, na ce masa ibada ma da sauƙi-sauƙi. Ya yi murmushi kawai, ya ce Allah ya sa mu dace. Matarsa Fatsuma ce kaɗai ta sani, ita kuma ya hana ta faɗa.

Watan jiya aka turo sufeto daga Legas ya duba rumbuna. Namadi ya ɗauko shi da Alhaji daga Gummi da rana tsaka, sun kusa Bukkuyum sai ya ji duniya na juyawa. Allah ya taimaka ya gangara gefen titi ya kashe mota kafin ya kife a kan sitiyari. Wasu Fulani masu kiwo suka taimaka aka sa shi bayan a-kori-kura zuwa wani ɗan asibiti. Nas ta naɗe masa hannun riga za ta sa ƙarin ruwa, sai ga rubutu. Ta tambayi Alhaji sunan mara lafiya, kafin ya buɗe baki ta ce a bari, ga shi nan har da garinsu. Alhaji ya gaya mini daga baya cewa da shi kaɗai ne a wurin, da ya kalli silin har a gama. Amma sufeto na tsaye, ya sa tabarau, ya karanta, ya fito da biro. Likita ya ce ƙodarsa ta wahala, in ya ci gaba da wannan hali zai rasa ta.

Na rubuta wa babban ofis da Turancin da na kwashe shekaru ina tarawa a jami'a. Na ba su labarin Baba, na ce wannan ba ado ba ne, adireshi ne. Amsa ta zo cikin ladabi, sun ce sun tausaya ƙwarai, amma in aka buɗe wa ɗaya ƙofa sai a buɗe wa dubu. Suka ba shi zuwa ƙarshen wata, ko dai rubutun ya daina ganuwa kwata-kwata a harabar kamfani, ko ya ajiye makulli. Alhaji Labbo, cikin son taimako, ya kawo shawarar a naɗe wurin da bandeji, in ya zo alwala ya shafa a kai. Namadi ya je ya tambayi limamin unguwarsu. Liman ya ce shafa a kan bandeji sai in akwai ciwo a ƙarƙashi. Game da rubutun kansa kuwa, ya ce abin da aka riga aka yi, istigfari ya isa, ba a ce mutum ya cutar da jikinsa ba. Ƙanenki ya ɗauki rabin farko na fatawar ya bar rabin ƙarshe a masallaci. Tunda sai da ciwo, to, a samo ciwo.

Ranar wata Juma'a da hantsi Fatsuma ta shigo mini gida ba ko sallama, ta ajiye kwalba a gabana tana kuka. Ruwan batir ne, Namadi ya karɓo wurin mai caji a tasha, ya ɓoye bayan randa. Na same shi a zaure na zazzage masa duk abin da ke bakina. Na tambaye shi ko sai ya ƙona jijiya ya rasa hannun tuƙin gaba ɗaya hankalinsa zai kwanta. Bai yi musu ba. Ya ce in bar ganin laifinsa, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya ce ya ɗauko kwalbar sau da yawa ya buɗe, sai ya tuna yadda Inna ta tsaya a kan Hudu wanzami tana cewa ya danna allura sosai kada ruwa ya wanke, sai ya mayar da murfi. Ya ce aikin nan don Inna yake riƙe da shi, rubutun nan ma na Inna ne, shi bai san wanne zai ƙona ya ce ya yi mata biyayya ba.

Na ce ya jira mu aiko a tambaye ta. Ya ce a'a, ba zai ɗora wa tsohuwa zaɓi tsakanin fatar ɗanta da barcinta ba, duk wanda ta zaɓa ita za ta riƙa zargin kanta. Ran Litinin ya je ofis da rigarsa ta gida, ya ajiye makulli da rigar kamfani a ninke a teburin Alhaji. Da aka kira azahar ya je famfo, ya naɗe hannu har sama, ya yi alwala a tsanake kowa na kallo. Alhaji Labbo ya tsaya kusa da shi ya yi tasa, da aka idar ya riƙe hannun nan da hannu biyu ya daɗe yana masa addu'a. Nan garin ba wani aikin tuƙi sai kabu-kabu, shi kuma ga iyali. Makau, tsohon maigidansa, ya ba shi babbar mota. Shekaranjiya ya yi lodin wake zuwa Legas, ya ce lodi na gaba na Fatakwal ne.

Dalilin wannan doguwar takarda ke nan. Ba na so Inna ta fara sanin labarin ta hanyar ganinsa yana saukowa daga babbar mota a ƙofar gidanki. Ki zaunar da ita, ki gaya mata a hankali, yadda kika iya ni ban iya ba. Kada ki ɓoye mata komai sai kwalbar. In za ta yi faɗa, ta yi da ni da kamfanina, kada ta yi da shi. Ina nan ina nema masa wani tuƙin a kusa, na yi magana da mutane a Gusau, amma kada ki yi mata alkawarin da ban riƙe a hannu ba. Da na raka shi tasha na tambaye shi saƙon da zan rubuta wa Inna. Ya ce in gaya mata ta yafe masa komawa hanya, kuma rubutunta yana nan yadda ta bar shi, ko harafi ɗaya bai goge ba.

Ki gaishe mini da Inna gaisuwa ta musamman, ki ce ina neman albarka. Ki gaida Alhaji Murtala, da Hamza ɗan makaranta, da Auwalu, ki sumbaci jaririya. Fatsuma da yaranta suna gaishe ku, na dawo da su gidana har ya dawo. Gwaggo Hafsa ta ce a gaida ku da kyau. Allah ya tsare na hanya, ya kai shi ya dawo da shi da ƙafafunsa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa har kullum,
Basira Sambo.