Yaya, Ni Na Fara Sa wa Dakalin Baba Diga

Zuwa ga Yayana Lawal, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da abokan kasuwa. Mu ma nan Kusfa lafiya lau muke, damina ta kankama, Inna kuma tana nan da sauƙi sosai.

Na rubuto maka ta nan, a gaban jama'a, saboda yau mako uku ke nan ba ka ɗaga wayata. Na san kana ganin kiran. Na kuma san kana leƙa shafin nan nawa, don shekaranjiya hannunka ya kuskure ka danna alamar so a hoton wata babbar riga da na gama wa aiki, sannan ka yi maza ka cire. Na gani, Yaya.

Tunda akwai masu karantawa tare da kai, bari in faɗi laifina a fili. An rushe dakalin Baba da ke ƙofar gidanmu, kuma ba wani ne ya fara ba, ni ne. Kai hoton tarin ƙasa kawai ka gani a waya. Ina roƙonka ka ji yadda aka yi kafin ka ci gaba da fushin.

Ba sai ka tuna mini abin da dakalin nan yake a wurinmu ba. A kansa Baba ke shimfiɗa buzunsa bayan la'asar, rediyo a gefe, riga a kan cinya. A kansa ya koya mana riƙe allura, kai ka iya cikin wata guda, ni na shekara ina soke yatsa. Ranar da za ka koma bayan sadakar arba'in ɗinsa, ka dafa shi ka ce, "Mudi, kome za ku taɓa a gidan nan ku taɓa, ban da wannan." Na ce to, kuma har zuciyata na faɗa.

Amma ka san lungunmu. Dama can a matse yake, in aka iso ƙofarmu kuma sai ya ƙara tsukewa, saboda dakalin ya turo ciki ya tare kusan rabinsa. Mai mashin sai ya ɗage ƙafa, masu ɗauke da makara sai sun karkata ta. Mun tashi mun gan shi haka, shi ya sa bai taɓa damunmu ba.

Bayan tafiyarka aka kafa ƙungiyar mazauna unguwa. Suna zama ranar Asabar bayan la'asar a zauren mai unguwa. Shugabanta Alhaji Garba kafinta ne, abokin karatunka wanda kuke kira Garba Tsinke. In ka gan shi yanzu ba za ka ƙara kiransa haka ba, tumbi ya yi sallama. Ni da farko dariya nake musu, ina cewa taron shan shayi ne. Sai ga shi sun yashe kwata kafin ruwan farko, sun rufe tsohuwar rijiyar nan ta bayan masallaci, sun kewaye bakin kududdufi, sun tsara wa 'yan sintiri aiki har satar awaki ta yi sauƙi. Na daina dariya, amma girman kai ya hana ni zuwa.

Bana da rani gobara ta tashi a gidan Malam Shehu na ƙarshen lungu, da rana tsaka, maza duk sun fita nema. Motar kashe gobara ta zo, ta tsaya a bakin titi, tiyonta bai kai ba. Da bokiti aka kashe wutar. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma matarsa ta ƙone a hannu da ƙafa, kuma a baro aka turo ta har titi tana rufe fuska don kunya. Abin ya tsaya wa kowa a rai.

A zaman da ya biyo baya suka yanke shawara. Babbar mota ba za ta taɓa shiga lungunmu ba sai an tashi rabin Kusfa, amma aƙalla napep ta riƙa kaiwa kowace ƙofa. Garba ya yanko gora daidai faɗin napep, ya ƙara taƙi ɗaya. Dattawa biyu suka riƙe ta a gicciye suna tafe a hankali cikin lunguna, inda duk ta maƙale a shafa farin fenti. Kafin kwana biyu unguwa ta sa mata suna Alƙali, don ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba.

Ka san inda ta fara maƙalewa? A rumfar shagon Garba da kansa. Mutane suka zuba ido suna jiran su ga yadda za a yi. Bawan Allah ya naɗe hannun riga, ya hau tsani da tumbinsa, ya ɓamɓare kwanon da hannunsa. Ta maƙale a matakalar gidan Liman, Liman ya ce a fasa. Daga nan ba wanda ya ƙara samun bakin magana, sai ni.

Da ta iso ƙofarmu ta tsaya cak. Na fito daga zaure da allura a hannu, na zazzaga musu abin da ko yanzu in na tuna sai in ji kunya. Na ce wanda zai taɓa dakalin ubana sai dai ya bi ta kaina. Garba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Mudi, gora muka kawo, ba diga ba. Ba mu rushe wa kowa, mai abu ke rushe abinsa." Ko fentin ba su shafa ba. Suka ɗaga Alƙali sama, suka tsallake, suka wuce.

Wata biyu aka yi haka. Lungu ya buɗe daga sama, ya buɗe daga ƙasa, mu kaɗai muka toshe tsakiya. Napep ta zo ƙofarmu ta yi ribas ta koma. Abin da ya fi ci mini rai, mutanen ƙarshen lungu ba su fasa gaishe ni da fara'a ba, har shi Malam Shehu. Da zagina suka yi, da na fi samun sauƙi.

To ga Inna a cikin gida. Kai kake aiko mata da maganin gwiwa, amma ban taɓa gaya maka dalla-dalla ba cewa shekara uku ke nan ba ta taka waje ba. Daga ɗakinta zuwa zaure take iyawa, titi kuwa ya yi mata nisa. Na ce in goya ta, ta ce ba a gaban surukai ba. Na ce baro, ta ce ita ba buhun masara ba ce. Ƙanwarta Iya Ladi tana Tudun Jukun, ita ma ƙafa ta zaunar da ita. Sai dai su yi waya, dukansu kunne ya yi nauyi, kowa na ihu ba mai jin wani. Wallahi Yaya, kullum ina wuce dakalin nan in shiga in gaishe ta, ban taɓa haɗa abin biyu a raina ba.

Wata safiya ta ce in zauna. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan babu dakali ko kaɗan, jaki da mangala yana wucewa ba ya gogar bango. Shekarar da aka haife ka Baba ya gina shi, ɗan ƙarami, na zaman mutum ɗaya. Abokan hira suka ƙaru, ya ƙara masa faɗi. Suka sake ƙaruwa, ya sake ƙarawa, ga yaɓe duk shekara. Maƙwabta suna jin nauyinsa, ba wanda ya iya ce masa kome.

Ta ce a ciwonsa na ƙarshe shi da bakinsa ya ce mata, "Na ci hanyar mutane, in na tashi zan mayar musu." Bai tashi ba. Ta ji alkawarin da ka ɗora mini a ƙofar gida, kuma ka san Inna da kunyar ɗan fari, ko sunanka ba ta faɗa, balle ta tayar da maganarka. Sai ta haɗiye abin shekara da shekaru. Abin da ta rufe da shi ne ya karya ni: "Ku kuna gadin dakali, ni ina tunanin abin da ake tambayarsa a can."

Na kira ka sau biyu a ranar, wayar ba ta shiga ba. Ya kamata in jira, ban jira ba. Ka san halina, in abu ya hau mini kai ba na iya kwana da shi. Wannan laifina ne, ba na kuma neman wanda zan raba shi da shi.

Ranar Asabar da hantsi na ari diga a wurin Garba. Sara na farko da hawaye na yi shi, ba zan ɓoye maka ba. Kafin in yi na biyar lungu ya cika, wannan da shebur, wancan da baro, mata suka aiko da kunu a manyan kwanuka. Liman ya ce ashe maɗinki ma ya iya riƙe abin da ya fi allura nauyi. Na yi dariya hanci na zuba.

Da muka fasa sai ga maganar Inna a fili. Dakali uku ne, ɗaya cikin ɗaya, kowanne da shafensa. Na can ciki ɗan mitsitsi ne, sumul, kamar jiya aka gama shi. Aka kawo Alƙali, ta maƙale da yatsa huɗu kacal. Garba ya ce a bar wannan, direba mai hankali zai wuce. Na shiga na gaya wa Inna, ta ce a cire duka. Ƙasar ba mu zubar ba, na kwaɓa ta na yi ɗan wurin zama a cikin zaure, inda ba ya tare wa kowa hanya.

Yanzu ga labarin da ya sa na kasa haƙuri har na rubuto. Ƙungiya ta yi magana da masu napep uku na unguwa, an rubuta lambobinsu a bangon masallaci saboda mara lafiya da mai naƙuda. Ɗayansu Ɗan'asabe ne, mutumin ƙauye da ke haya a ƙarshen lungu, mai haƙuri kamar me. Ranar Litinin bayan rushe dakalin na kira shi, ya kawo napep har bakin zaurenmu.

Yaya, da ka ga Inna. Tun asuba ta yi wanka, ta ɗaura atamfar da ka aiko mata da Sallah wadda ta ce ba ta da inda za ta sa, ta fesa turare har muna atishawa. Taku uku ta yi daga zaure, ta zauna daram. Matan lungu suka leƙo ta ƙofofi, wata ta rangaɗa guɗa kamar an ɗauko amarya. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, amma kafaɗunta suna rawa don dariya.

A hanya ba abin da ya tsira daga bakinta. Wane ne ya sare bishiyar nan, wa ya ce a yi wa masallaci wannan fenti, yaushe 'yar wance ta girma har take goyo. Ta hana Ɗan'asabe gudu, ta ce ba sauri take ba, kallo ta fito. Da muka fita ƙofar gari ta ɗaga fuska tana shaƙar iska, ni kuma na juya gefe don kada ta ga idona.

Da muka shiga ɗakin Iya Ladi, suka riƙe hannun juna. Can sai Iya Ladi ta ce Inna ta tsufa. Inna ta ce ita ce dai ta tsufa, ko haƙori ba ta da shi. Suka yi kuka, suka yi dariya, suka ci tuwo a kwano ɗaya, suka yi gulmarmu ni da kai ina zaune a wurin. Sai da aka kira magariba na samu na raba su.

Tun daga ranar ba ta zauna ba. Ta je asibiti likita ya duba gwiwar da idonsa ya canza mata magani. Ta je gaisuwar mutuwa uku da ta ce suna kanta, ta je suna biyu. Na ce mata Inna, yawon ya yi yawa, ta ce ramuwa take yi. A makon jiya kuma an ɗauki matar wani maƙwabci daga bakin ƙofarta tana naƙuda, ta sauka lafiya a asibiti. Ni ma yanzu ba na fashin zaman Asabar, kuma don tsokana ni suka ɗora wa riƙon Alƙali a sauran lungunan. In mai gida ya fito yana kumfar baki, sai in ce masa ya yi a hankali, ni na riga shi.

Yaya Lawal, na karya alkawarin da na yi maka, kuma na yi ba da izininka ba. Ka yafe mini. Kewar Baba ce ta sa ka faɗi abin da ka faɗa, ita ce kuma ta sa na tsaya ina faɗa da dattawa a kan tarin ƙasa. Ina kewarsa, ina kuma kewarka, gidan ya yi mini girma ni kaɗai.

Inna ta san ina rubutun nan. Ta ba ni saƙo, kuma ga shi yadda ta faɗa: "Ka gaya wa wancan na Fatakwal ya sa rana. Ni da kaina zan je tasha in tarye shi." Na ce Inna, ɗan fari fa? Ta ce ta yi kunyar ta isa haka.

Allah ya jiƙan Baba, ya sauke masa nauyin da ya tafi da shi, ya sa duk wanda ya ratsa ƙofar nan cikin sauƙi ya zame masa sadaka. Allah ya saka wa Garba da mutanen ƙungiya da alheri, ya tsare mana unguwa. Allah ya ƙara wa Inna lafiya da nisan kwana. Kai kuma Allah ya sanyaya zuciyarka, ya kawo ka lafiya, kada ka bar tsohuwa ta daɗe tana jira a tasha.

Ƙaninka mai taurin kai,
Mudi
Kusfa, cikin birnin Zariya