Mazarin Inna Ya Koma Aiki

Ƙanƙara, Jihar Katsina

Zuwa ga Yaya Shafa'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara a can Fatakwal. Mu nan alhamdu lillahi. Damina ta zauna, dawa ta kai ƙugu, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi har yana zuwa masallaci da kansa.

Yaya, laifi na yi miki, gara ki ji daga bakina. Kin san na shiga ƙungiyar matan unguwarmu da ke ziyartar tsofaffin da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Ni aka ba Gwaggo Nana, wata tsohuwa daga 'Yargoje, wadda ba ta da kowa sai 'yarta Hafiza mai jinyarta. Duk Alhamis nakan kai tuwo, in zauna da ita don Hafiza ta ɗan runtsa. To, tuwon nan ko kallonsa ba ta yi. Tana ta ramewa, Hafiza na kuka a bayan ɗaki, ni kuwa da wautata sai ƙara man shanu nake yi, ina zaton miyata ce ba ta yi ba. Sai a mako na huɗu Gwaggo ta gaya mini a hankali cewa tun da aka haife ta ba ta taɓa mayar da kwanon maƙwabta wayam ba. A ƙauye ko daddawa ce sai ta saka, ko 'yar kuka. Yanzu ba ta da abin sakawa, don haka ba za ta buɗe ba. Ashe rashin sani ya fi dare duhu.

Na lura yatsunta ba sa zama, kullum suna murza gefen zane. Shi ne na buɗe adakar Inna, Allah Ya jiƙanta, na ɗauko mazarinta da taskira da guntun alli, kayan da muka yi alkawarin ba mai taɓawa sai kin zo. Na samo auduga na kai mata.

Da ma kina nan! Da ta murza mazarin ya fara wannan kukan nasa siriri, sai na nemi ɗakin na rasa. Na gan mu a tsakar gidanmu na Sabuwa bayan ruwa ya ɗauke, ƙasa na ƙamshi, Inna na kaɗi a gindin ɗorawa, ke kina tsefe mini kai ina gyangyaɗi. Ban san na yi hawaye ba sai da Hafiza ta taɓa ni.

Ranar Gwaggo ta cinye tuwonta tas, har ta ce gishiri ya yi kaɗan. Da zan tafi ta miƙo kwanon da ɗan ƙullin zare a ciki. Na ce mata mazarin namu ne mu biyu, sai ta ce to zaren fari na babba ne. Ga shi nan cikin takardar. In kin ce in karɓo kayan, zan karɓo, amma ki fara shafa zaren tukuna.

Ki gaida Malam Abdulkarim, da Nata'ala da Sa'adiya. Baba da Lawwali suna gaishe ku.

Taki ƙanwa mai neman afuwa,
Zulaihatu