Mma Tana Jiran Jirgin Yeji

Asabar, 9 ga Yuli, 2016

Mahaifiyata, Mma, ta warware gajiyar tafiya, yau muka fara yawo. Yayana Moro ya ishe ni da waya daga Kumasi: a kai tsohuwa ta ga gari, a turo hotuna ya nuna wa mutanen zango. Kamar ni zaman banza nake yi a New York.

Na kai ta Harlem, layin 116. Da shigarmu wani shagon 'yan Senegal ta ɗauki busasshen kifi ta shinshina, ta ce wa mai shagon da ɗanyen icce aka banda shi, kuma an yi gaggawar saukewa. Mutumin ba ya jin Hausa, amma ya gane an kama shi, sai dariya yake. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana saro kifi daga Yeji, bakin ruwan Volta, wa zai yi mata wayo? Na ji daɗi har raina. Mma tana nan yadda na bar ta.

A hanyar dawowa unguwarmu Tremont ta tambaye ni ko mun sayi gishiri. Na ce akwai a gida. Kafin mu sauka ta sake tambaya. Gajiya ce.

Lahadi, 17 ga Yuli

Maigidana Kadri ya ce mu hau jirgin ruwan Staten Island, ta gefen gunkin Liberty yake bi, hoto ya samu ba sai an sha layi ba. Mma ta kalli gunkin ta ce, "Wannan mata ba ta da dangi ne, aka bar ta tsaye cikin ruwa da hannu a sama?" Na yi dariya har da hawaye, na ɗauke ta hoto tana nuna shi da yatsa.

Da muka yi nisa sai ta matsa gefen jirgin. Ta riƙe ƙarfen jirgin da hannu biyu tana kallon ƙasa, ta bar dogayen gine-ginen da kowa ke ɗauka a waya. Can ta ce, "Ruwa ya cika bana." Ba da ni take ba.

A tashar St. George, can ƙetaren ruwan, dole kowa ya sauka kafin a sake hawa. Ta tsaya tsakiyar mutane tana waige-waige, ta ce ina masu kifin suka koma. Na yi dariya don ta taya ni. Ba ta taya ni ba.

Talata, 19 ga Yuli

Wurin aiki. Tsohuwar da nake kula da ita, Madam, yau takalminta ta saka a tukunya. Na cire na ajiye. Aikina ke nan, kuma na iya shi: na cire maɓallan murhu, na rataya ƙararrawa a ƙofa don in ji in ta buɗe, in ta ce mijinta na hanya in ce to bari mu dafa masa shayi. Mijin ya daɗe a kabari. Ba a musu da su, wannan ne abu na farko da aka koya mana.

'Yarta ta zo, ta ce ita dai tana ganin rashin barci ne ke damun uwarta. Haushi ya kama ni. Mace da iliminta, abu a gabanta ƙiri-ƙiri ta ƙi gani.

Alhamis, 21 ga Yuli

Carbin Mma a cikin firji, kusa da tumatir.

Asabar, 30 ga Yuli

Coney Island, bakin teku. Zafi, jama'a kamar an kore su daga gidajensu, yara na ihu a kan lilon nan da ke juya mutum sama da ƙasa. Mma ta ce Turawa sun ƙoshi, shi ya sa suke neman abin da zai tayar musu da abinci. Ta ci dankali soyayye, ta raina gishirinsa.

Na juya in karɓi ruwa a hannun Kadri. Da na waiwayo tana cikin teku, ruwa har gwiwa, da zanenta da mayafinta, tana tafiya gaba kamar mai zuwa taryar wani. Ban san lokacin da na jefar da jakata ba. Na kamo hannunta, ta dube ni fuska a sake ta ce, "Damata, kin daɗe."

Damata ƙanwarta ce. Tare suke fatauci. Jirgin da ta hau ya kife a Volta tun ba a haife ni ba, kuma ba a ga gawarta ba. A gidanmu ba a kiran sunan nan, ni ma a bakin maƙwabta na tsince shi.

Na ce, "Mma, Rafia ce." Ta ce ta sani mana, ko na ɗauka ta haukace ne? Ta matse bakin zanenta tana faɗa a kan yashi ya ɓata mata ƙafa.

Kadri ya yi ta satar kallona har muka iso gida. Gara da ya yi magana.

Litinin, 1 ga Agusta

Moro ya kira. Hotuna sun yi kyau, Mma ta yi haske, kowa a zango sai barka. Na ce, "Yaya, kafin ta taso ba ku lura da komai ba?" Ya ce matarsa Hasiya takan ce wani lokaci... sai ya ce layin ba kyau, tsufa ne kawai, a gaishe da Kadri.

Layin lafiyarsa lau. Sun sani ashe. Shi ya sa aka matsa ta zo wurina, ni mai aikin tsofaffi, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa mini.

A ƙarshen Satumba za ta koma. Koma wurin wa? Gidan haya mai ƙofa a buɗe, ga titi, ga tashar mota da ta sani tun tana budurwa.

Laraba, 3 ga Agusta

Kadri ya ce in kai ta likita. Na ce masa uwarsa ce? Ya tashi ya fita. Bai cancanci haka ba, na sani. Tsoro nake ji, kuma ba na son a sa wa abin suna.

Asabar, 6 ga Agusta

Gidan namun daji na Bronx. Lafiya lau. Ta tuna sunan kowane jikanta, ta yi wa raƙumin dawa ba'a, ta gyara mini ɗaurin kallabi. Ka ga ni da zargi. Wataƙila canjin ruwa da abinci ne.

Juma'a, 12 ga Agusta

Dole sai na rubuta wannan.

Na shiga wanka da hantsi, na fito ƙofa a buɗe. Ba takalminta, ba ƙullin kayanta. Na bi masallaci, na bi shagon Adjara mai kayan miya, na bi tashar jirgin ƙasa, ba wanda ya gan ta. Duk motar asibiti da ta wuce sai na bi ta da kallo. Gafaru, abokin Kadri mai tasi, shi ya kira: ya hango wata tsohuwa da ƙulli a ka a kan gadar kogin Bronx, kamar surukar Kadri.

Tana tsaye ta jingina da ƙarfen gadar, ta leƙa sosai. Ɗan kogin da bai kai a kira shi kogi ba. Na ce Mma me kike yi a nan. Ta ce jirgin Damata take jira, ya makara, kuma ruwan ba ta yarda da shi ba.

Na san abin da ake cewa. Kullum ina faɗa wa Madam. Amma bakina ya riga ni: "Mma, ƙanwarki Damata ta rasu. Ruwa ya ci ta tuntuni."

Ta dube ni. Ƙullin ya faɗo. Ta zauna a kan titi ta ɗora hannu a ka, ta yi kukan da ban taɓa ji daga bakinta ba, tana tambaya yaushe, wa ya gani, an sanar da babansu? Yau ta ji labarin. Ni na kai mata shi.

Da la'asar ta manta. Ta ci tuwo, ta ce miyar ta yi tsami. Ni ce ban manta ba.

Lahadi, 21 ga Agusta

Na sayi ƙararrawa na rataya a ƙofa. Kadri ya kalle ta, na ce ado ne. Ya ce ta yi kyau. Maɓallan murhu suna cikin jakata, saboda suna da wuyar wankewa a jiki.

Ranar Talata za mu je wurin da Kadri ya ce in kai ta, ni da ita. Na ce mata yawo ne.

Yau ita ta ce a kai ta jirgin ruwan nan, na kai ta. Iska mai daɗi, tsuntsayen teku suna bin mu. Na tsaya tsakaninta da ƙarfen, hannuna cikin nata. Ban ɗauki hoto ba, Moro ya jira. Maganar Satumba ma ta jira.

Da muka wuce matar nan mai hannu a sama, Mma ta matse yatsuna ta ce, "Damata, kada ki sake hawa babu ni."

Na ce, "To, Yaya."